Ƙuri'u Uku da Dala Biliyan 787: Yadda Dokar Farfaɗo da Tattalin Arzikin Amurka ta 2009 Ta Ratsa Majalisa

Wannan nazari ya bi sawun doka guda ce, wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu ranar 17 ga Fabrairun 2009 domin farfaɗo da tattalin arzikin Amurka. An bi ta tun daga ciwon da ya haifar da ita har zuwa abin da ta bari a baya, ana duba inda jam'iyyun ƙasar biyu, Dimokurat da Rifablikan, suka haɗa kai, inda suka raba gari, da abin da kowane ciniki ya ci.

## Mafarin ciwon: Disamba 2007 zuwa Oktoba 2008

Masassarar tattalin arzikin ta fara ne a Disambar 2007, kuma daga kasuwar gidaje ta ɓullo. Bankuna sun yi shekaru suna ba da bashin sayen gida ga mutanen da ba su da ƙarfin biya, sannan su tattara basussukan su sayar wa masu zuba jari. Da farashin gidaje ya faɗi, masu bashi suka kasa biya, takardun bashin suka zama kayan da ba mai taya su.

Maganin farko bai sha wata wahala a majalisa ba. A lokacin George W. Bush na Rifablikan ke fadar shugaban ƙasa, Dimokurat kuma ke riƙe da majalisun biyu. A Janairun 2008 sakataren baitulmali Henry Paulson ya zauna da kakakin Majalisar Wakilai Nancy Pelosi da jagoran marasa rinjaye John Boehner, cikin 'yan kwanaki suka daidaita. Shirin ya kai kimanin dala biliyan 152, akasarinsa kuɗi ne a hannu: har dala 600 ga mutum ɗaya, 1,200 ga ma'aurata, da ƙarin 300 kan kowane yaro. Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 81, masu adawa 16, Bush ya sa hannu ranar 13 ga Fabrairu.

Kuɗin ya ɗan motsa kasuwa a tsakiyar shekara, amma bai taɓa tushen cutar ba. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe, bankuna suka daina ba juna rance. Gwamnatin Bush ta nemi dala biliyan 700 don ceto su. A nan aka fara ganin ɓaraka. Ranar 29 ga Satumba Majalisar Wakilai ta yi watsi da buƙatar, 228 sun ƙi, 205 sun yarda, kuma kusan kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa da kansa suna cikin masu ƙi. A yinin ma'aunin kasuwar hannun jari na Dow ya faɗi da maki 777. Tsoro ya sa aka dawo kan ƙudurin, ya wuce ranar 3 ga Oktoba. Sai dai 'yan majalisar da suka goyi bayansa sun koma mazaɓunsu sun tarar da jama'a a fusace, ana cewa an ɗauki kuɗin talaka an ba waɗanda suka jawo masifar. Wannan fushi ya bi duk wani shirin kashe kuɗi da ya biyo baya.

## Lissafin girman shirin: Disamba 2008 zuwa Janairu 2009

Obama ya ci zaɓe ranar 4 ga Nuwamba. Kafin a rantsar da shi ranar 20 ga Janairu, ƙasar na asarar guraben aiki wajen 700,000 zuwa 800,000 a kowane wata. Ranar 16 ga Disamba Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa tsakanin sifili da kashi 0.25 cikin ɗari, wato makaminsa na yau da kullum ya ƙare. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta kashe kuɗi da kanta ko ta rage haraji, kuma duka biyun sai da yardar majalisa.

Tambayar ita ce nawa. Christina Romer, wadda za ta shugabanci masu ba Obama shawara kan tattalin arziki, ta yi lissafin cewa cike giɓin zai buƙaci sama da dala tiriliyan ɗaya. Sauran muƙarraban suka ga cewa kalmar tiriliyan kaɗai ta isa ta kashe ƙudurin a majalisa, don haka aka tsaya a kusa da biliyan 800. Sun kuma ɗauka cewa idan ya gaza za a koma a nemi ƙari, tunda a saninsu ɗan majalisa ba ya ƙin ƙarin kuɗi.

Abu biyu suka faru a wannan zango da suka dawo suka ciji gwamnatin. Na farko alƙaluma ne. A ƙarshen Janairu hukuma ta ce tattalin arziki ya tsuke da kashi 3.8 cikin ɗari a watanni ukun ƙarshe na 2008, a ma'aunin shekara. Da aka sake lissafi daga baya, sai aka ga tsukewar ta haura kashi 8. An auna magani ne da ciwon da bai kai rabin na gaskiya ba. Na biyu rahoton da Romer da Jared Bernstein, wani masanin tattalin arziki a tawagar Obama, suka fitar a farkon Janairu, wanda zanensa ya nuna cewa da shirin, rashin aikin yi ba zai wuce kusan kashi 8 ba, in babu shi kuma zai kai kusan 9. Hasashe ne aka gina kan alƙaluman lokacin, amma 'yan adawa suka riƙe shi a matsayin alkawari.

Tun kafin a fara ciniki, ƙungiyar Obama ta ware kusan kashi ɗaya cikin uku na shirin ga ragin haraji, abin da Rifablikan suka fi so. Wani ɓangare cika alkawarin yaƙin neman zaɓe ne, wani kuma tayi ne ga 'yan adawa. A lokacin har ana maganar samun ƙuri'a 80 cikin 100 a Majalisar Dattawa.

## Majalisar Wakilai: 23 zuwa 28 ga Janairu

A wannan majalisa rinjaye kawai ake buƙata, kuma Dimokurat na da kujeru sama da 250 cikin 435. Shugabannin kwamitocinsu, musamman David Obey na kwamitin kasafi, suka rubuta ƙudurin da kansu. Ƙorafin Rifablikan daga farko shi ne an gayyace su cin tuwo bayan an gama tuƙawa, kuma ƙorafin na da ƙamshin gaskiya. Sun kuma ce ƙudurin ya zama jakar da aka cusa duk burin da Dimokurat suka tara a shekaru takwas na mulkin Bush.

Obama ya gwada zama da su. A ganawar 23 ga Janairu a fadarsa, Eric Cantor, ɗaya daga cikin jagororin 'yan adawa a Majalisar Wakilai, ya gabatar da shawarwarin Rifablikan, da gardama ta taso kan haraji sai shugaban ya tuna masa cewa shi ne ya ci zaɓe. Ranar 27 ya tafi majalisa da ƙafarsa don ganawa da 'yan Rifablikan a ɗakinsu, amma kafin ya iso Boehner ya riga ya nemi mutanensa su ƙi ƙudurin. Duk da haka an cire abubuwa biyu da suka fi yi wa dariya: tanadin kuɗin tsarin iyali, da dala miliyan 200 na gyaran babban filin shaƙatawa na tsakiyar birnin Washinton.

Cirewar ba ta sayi ƙuri'a ko ɗaya ba. Ranar 28 ga Janairu ƙudurin dala biliyan 819 ya wuce da ƙuri'a 244, masu adawa 188. Duk 'yan Rifablikan 177 da suka kaɗa ƙuri'a sun ce a'a, tare da 'yan Dimokurat 11. Nasu shirin, wanda kusan dukkansa ragin haraji ne, ya faɗi a ranar.

## Majalisar Dattawa: 2 zuwa 13 ga Fabrairu

A nan lissafin ya bambanta. Dokokin zauren sun ba marasa rinjaye damar hana a rufe muhawara har sai an sami sanata 60, kuma ƙudurin da zai ƙara giɓin kasafi shi ma yana buƙatar 60 kafin a ɗauke masa sharaɗi. Dimokurat na da 58, har da 'yan ba ruwanmu biyu da ke zama tare da su. Kujerar jihar Minnesota na kotu, ɗan Dimokurat Al Franken da ya ci ta bai shiga zauren ba sai Yuli. Sanatansu Edward Kennedy kuma na fama da sankarar ƙwaƙwalwa, ba kullum ake samunsa ba. Saboda haka ana buƙatar 'yan Rifablikan biyu idan Kennedy na nan, uku idan ba ya nan. Wanda duk ke riƙe da ƙuri'a ta 60, shi ke da wuƙa da nama.

Kafin ƙudurin ya iso zaure, kwamitin kuɗi ya ƙara masa wani tanadi na kimanin dala biliyan 70 bisa neman Sanata Chuck Grassley na Rifablikan. Tanadin ya shafi wani haraji ne da aka ƙirƙira don masu kuɗi, amma da yake ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, sai ya riƙa gangarowa kan masu matsakaicin samu, majalisa kuma ta saba toshe shi kowace shekara. Ma'ana, ko da shirin farfaɗowa ko babu, za a yi wannan toshiyar. Shigar da ita ya cinye kusan kashi 9 cikin ɗari na dokar ba tare da ya sa wa kowa sabon kuɗi a aljihu ba. Grassley kuma a ƙarshe ya ƙi ƙudurin.

Rifablikan sun kawo nasu tayin iri biyu. Jim DeMint ya nemi a share dukkan kashe kuɗin a maye shi da ragin haraji, ya sami ƙuri'a 36. John McCain ya kawo shirin dala biliyan 421, shi ma ya faɗi. Waɗannan ƙuri'u sun nuna cewa mafi yawan 'yan jam'iyyar ba giɓin kasafi ne kaɗai ya dame su ba, tunda ragin haraji ma yana haƙa giɓi. Saɓanin ya fi ƙarfi a kan wa zai kashe kuɗin, gwamnati ko mai biyan haraji.

Da jimillar ta haura biliyan 900, sai Ben Nelson, ɗan Dimokurat mai ra'ayin riƙau daga Nebraska, da Susan Collins ta Rifablikan daga Maine suka tara wasu sanatoci a ɗaki suna bin ƙudurin layi-layi. Sun datse kusan biliyan 100. Abin da ya fi shan wuƙa shi ne asusun tallafa wa kasafin jihohi, wanda aka rage wa biliyan 40, da kuɗin gina makarantu, wanda aka share gaba ɗaya. An kuma cire kimanin dala miliyan 870 na shirin tunkarar annobar mura, kuma bayan wata biyu murar aladu ta ɓulla. Arlen Specter na Pennsylvania, wanda ya sha jinyar sankara, ya nemi ƙari maimakon ragi: dala biliyan 10 ga cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa, ya kuma samu.

Ranar 10 ga Fabrairu ƙudurin biliyan 838 ya wuce da 61 da 37. Collins, Specter da Olympia Snowe, ita ma daga Maine, su ne 'yan Rifablikan ukun da suka goyi bayansa. A zaman daidaita kwafin majalisun biyu sun dage cewa jimillar ta sauka ƙasa da 800, aka tsaya a 787. Don a kai wannan adadi, ragin harajin ma'aikata da Obama ya yi alkawari ya sauka daga dala 500 zuwa 400 ga mutum ɗaya. Ranar 12 ga wata Sanata Judd Gregg na Rifablikan, wanda ya riga ya karɓi tayin zama sakataren kasuwanci, ya janye, yana mai ambaton wannan doka cikin dalilansa.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu Majalisar Wakilai ta amince da 246 da 183, nan ma babu ɗan Rifablikan ko ɗaya. A Majalisar Dattawa Kennedy bai samu zuwa ba, ƙidaya ta tsaya a 59. Sanata Sherrod Brown na Ohio yana gida wajen makokin mahaifiyarsa. Aka bar ƙuri'a a buɗe kusan awa biyar, zauren ya watse sai magatakarda da mai riƙe da kujerar shugabanci, har jirgin gwamnati ya ɗauko shi. Ya shigo da dare, ya kaɗa ta 60, ya juya ya koma don jana'iza. Bayan kwana huɗu Obama ya sa hannu a birnin Denver.

## Abin da ya fito daga cinikin

Kimanin dala biliyan 288 ragin haraji ne. Biliyan 87 sun tafi ga jihohi don inshorar lafiyar marasa galihu, sai biliyan 53.6 na asusun kasafin jihohi, mafi yawansa don kada a sallami malaman makaranta. Hanyoyi da gadoji sun sami biliyan 27.5, jiragen ƙasa masu gudu biliyan 8. An ƙara dala 25 a mako ga masu karɓar alawus na rashin aiki, an ɗaga tallafin abinci da kashi 13.6 cikin ɗari, an ba 'yan fansho dala 250 sau ɗaya.

Yadda aka biya ragin harajin ma'aikata ya cancanci a tsaya a kansa. A 2008 Bush ya aika kuɗin a dunƙule, kowa ya gan shi. Masu ba Obama shawara suka lura cewa mutum in ya karɓi kuɗi a dunƙule yakan adana ko ya biya bashi, don haka suka zaɓi a rage abin da ake cirewa daga albashi tun kafin ya iso hannu. Dala 400 idan aka raba ta a makonni 52 ba ta kai dala 8 a mako ba. Ma'aikaci zai kashe ta a gidan mai ko kanti bai ma san ta shigo ba, kuma abin da ake so ke nan. Amma da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2010, kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ya san an rage masa haraji.

Ayyukan gine-gine kuma sun zo da nasu jinkirin. Kafin a zuba kwalta sai an yi zane, an duba tasirin muhalli, an buɗe neman kwangila. Jihohi da yawa suka zaɓi sake shimfiɗa tsofaffin hanyoyi saboda shi ne mai sauri. A 2010 Obama da bakinsa ya amsa cewa aikin da ke shirye tsaf yana jiran kuɗi kawai, kusan babu shi.

## Gwamnoni: Fabrairu 2009 zuwa Fabrairu 2011

Da kuɗin ya bar Washinton, layin jam'iyya ya karkace. Kusan dukkan jihohin Amurka doka ta wajabta musu daidaita kasafinsu, ba su da ikon cin bashi don biyan albashi yadda gwamnatin tarayya ke yi. Gwamnan da harajinsa ya faɗi, ko dai ya karɓi kuɗin ko ya sallami malamai da 'yan sanda. Shi ya sa Arnold Schwarzenegger na Kalifoniya da Jim Douglas na Vermont, duk 'yan Rifablikan, suka goyi bayan dokar a fili. Charlie Crist na Fulorida ya hau mumbari ɗaya da Obama a Fort Myers ranar 10 ga Fabrairu, har suka rungumi juna.

Wasu kuma suka ƙi wani yanki. Rick Perry na Texas ya ƙi dala miliyan 555, Bobby Jindal na Louisiana ya ƙi kusan miliyan 98, duka na faɗaɗa alawus ɗin rashin aiki. Hujjarsu ita ce sai jiha ta sauya dokarta ta shigar da ƙarin mutane kafin ta samu, kuma idan kuɗin tarayya ya ƙare nauyin zai koma kan kamfanonin jihar. Hujja ce mai ma'ana, sai dai dukansu sun karɓi sauran biliyoyin. Sarah Palin ta Alaska ta hau kujerar na ƙi kan kimanin miliyan 28 na makamashi, majalisar jiharta ta tsallake ta.

Wanda ya fi nisa shi ne Mark Sanford na South Carolina. Ya ce ba zai nemi dala miliyan 700 na makarantu da tsaro ba sai an bar shi ya biya bashin jiha da su. Fadar shugaban ƙasa ta ƙi. Majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ke rinjaye a cikinta, ta sa kuɗin a kasafi. Maganar ta kai kotun ƙolin jihar, a watan Yunin 2009 ta umarce shi ya nemi kuɗin.

Bayan zaɓen 2010 sababbin gwamnoni suka mai da kuɗin jirgin ƙasa: Scott Walker na Wisconsin miliyan 810, John Kasich na Ohio miliyan 400, Rick Scott na Fulorida biliyan 2.4. Akasarin kuɗin bai koma baitulmali ba, an karkata shi zuwa wasu jihohi. A gefe guda, 'yan majalisa da dama da suka ƙi dokar sun rubuta wasiƙu suna nema wa mazaɓunsu kaso daga cikinta, har da Paul Ryan, jigo a Rifablikan kan harkar kasafi.

## Sakamako a ƙasa da kuma a akwatin zaɓe

A lissafin masana masassarar ta ƙare a Yunin 2009, amma rashin aikin yi ya ci gaba da hawa har kashi 10 cikin ɗari a Oktoba. Wannan ya wuce abin da rahoton Janairu ya ce zai faru ko da ba a yi komai ba. Rifablikan suka ɗora alƙaluman gaskiya kan zanen Romer da Bernstein suka riƙa nuna shi ko'ina. Amsar gwamnati, cewa da ba don dokar ba da abin ya fi haka muni, ba ta da hoton da za a nuna.

Ofishin kasafi na majalisa, wanda ba ya ƙarƙashin kowace jam'iyya, ya ƙiyasta cewa a watanni uku na biyu na 2010 dokar ta ƙara yawan masu aiki da tsakanin miliyan 1.4 da 3.3, ta kuma rage rashin aikin yi da maki 0.7 zuwa 1.8. A 2012 Jami'ar Chicago ta tambayi fitattun masana tattalin arziki, kusan kashi 80 cikin ɗari suka ce rashin aikin yi a ƙarshen 2010 ya yi ƙasa da yadda zai kasance in babu dokar. Da aka tambaye su ko amfaninta zai fi kuɗinta a ƙarshe, waɗanda suka ce e ba su kai rabi ba, da yawa suka ce sai a hankali. Sata ba ta yi yawa ba, saboda hukumar sa ido da aka kafa da kuma wallafa kowace kwangila a intanet. Abin kunyar da ya fi shahara shi ne kamfanin Solyndra mai ƙera faifan hasken rana, wanda gwamnati ta tsaya wa a bashin dala miliyan 535 ya kuma durƙushe a 2011.

Waɗanda suka tsallaka layi sun biya. Specter ya ga ba zai tsira a zaɓen fid da gwani ba, ya sauya sheƙa zuwa Dimokurat ranar 28 ga Afrilun 2009, can ma ya faɗi a fid da gwani na 2010. Hoton rungumar Fort Myers ya zama makamin Marco Rubio, abokin hamayyar Crist a neman tikitin Rifablikan na kujerar sanata, har Crist ya bar jam'iyyar ya tsaya shi kaɗai ya sha kaye. A Nuwamban 2010 Rifablikan suka ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai suka karɓe ta, da 6 a Majalisar Dattawa.

## Zagaye na biyu: Agusta 2010 zuwa Oktoba 2011

Ƙarin da aka yi zaton za a samu cikin sauƙi ya zo ne a gutsure. A Agustan 2010 aka ba jihohi ƙarin dala biliyan 26 don malamai da lafiya, da ƙuri'un Collins da Snowe, kuma sai da aka datse tallafin abinci na gaba don biyan wani ɓangarensa.

Sannan a Disamba, makonni bayan kayen zaɓe, aka yi ciniki mafi girma. Ragin harajin zamanin Bush zai ƙare a ƙarshen shekara, kuma Rifablikan na son a tsawaita shi har ga masu kuɗi. Mataimakin shugaban ƙasa Joe Biden ya zauna da Mitch McConnell, jagoran Rifablikan a Majalisar Dattawa, mutumin da a Oktoba ya ce babban burinsu shi ne Obama ya yi wa'adi ɗaya. Suka daidaita: tsawaita ragin na shekara biyu, a madadin ƙarin wata 13 na alawus ɗin rashin aiki da rage harajin fansho na ma'aikata daga kashi 6.2 zuwa 4.2. Jimilla dala biliyan 858, duk bashi, wato ya fi na 2009. Dattawa suka amince da 81 da 19, Wakilai da 277 da 148. Ba wanda ya kira shi shirin farfaɗowa. Da Obama ya dawo a 2011 da shirin samar da ayyuka na biliyan 447, ba abin da 'yan adawa ke buƙata daga hannunsa, shirin ya mutu a Majalisar Dattawa ranar 11 ga Oktoba.

## Hukunci

Abin da ya yi aiki a dokar 2009 shi ne kuɗin da ya bi ta bututun da ke nan tuntuni: alawus na rashin aiki, tallafin abinci, da kason jihohi. Ba sa jiran zane ko kwangila, kuma suna faɗawa hannun mutanen da za su kashe su a makon. Abin takaici, kason jihohi ne cinikin Nelson da Collins ya fi datsewa, yayin da toshiyar haraji ta biliyan 70, mafi raunin tasiri, ta tsira ba ko ƙwarzane. A shekarun da suka biyo baya jihohi da ƙananan hukumomi sun zubar da ma'aikata sama da rabin miliyan, suna janye da hagu abin da tarayya ke turawa da dama. Sanatocin uku sun yi ciniki ne kan jimilla, a sauko ƙasa da 800, ba tare da wani lissafin tattalin arziki da ya fitar da wannan adadi ba.

Gwamnatin Obama ta yi kuskure uku da ke hannunta. Ta ba da rangwamen haraji tun kafin a nema, don haka ba ta da abin musaya a tebur. Ta bar shugabannin kwamitoci su rubuta ƙudurin su kaɗai, ta ba 'yan adawa ƙorafi na gaskiya. Ta kuma fitar da adadin kashi 8 a lokacin da alƙaluma ke rawa. Amma ko da ta kauce wa ukun, da wuya ƙuri'un su sauya sosai. Ƙin da aka yi a Majalisar Wakilai shawara ce da aka yanke kafin ganawar 27 ga Janairu, kuma ta fuskar zaɓe ta biya: jam'iyyar da ba ta da mulki, idan ta sa hannu aka yi nasara shugaban ƙasa ke ɗaukar yabo, idan aka gaza a raba laifi da ita.

Idan aka jera ƙuri'un, Fabrairun 2008 da Disambar 2010 sun sami sanata 81 kowannensu, na 2009 ya sami 60 da kyar. Girman kuɗi bai bayyana wannan ba, tunda na 2010 ya fi girma. A 2008 mulki a rabe yake, shekarar zaɓe ce, kowa na da suna a kan kuɗin. A 2010 kowane ɓangare na riƙe da abin da ɗayan ke so, ga wa'adin 31 ga Disamba a wuya. A 2009 jam'iyya ɗaya ke da fada da majalisu biyu, marasa rinjaye ba su da abin karɓa sai laifi.

Dimokurat sun riƙe wannan karatu. A Maris na 2020, da Donald Trump a fada su kuma da Majalisar Wakilai, shirin korona na dala tiriliyan 2.2 ya wuce Dattawa da 96, babu mai adawa. A farkon 2021, da mulki ya sake haɗuwa a hannunsu, sanatocin Rifablikan goma ƙarƙashin Collins suka kawo wa Biden, wanda ya zama shugaban ƙasa, tayin kimanin biliyan 618. Ya saurare su a fadarsa, sannan ya bi hanyar kasafi ta musamman wadda ba ta buƙatar ƙuri'a 60. Shirin tiriliyan 1.9 ya wuce da 50 da 49 ba tare da ɗan Rifablikan ko ɗaya ba, kuma gardamar da ta biyo bayansa ita ce nawa ya ƙara wa hauhawar farashin da ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022.